Tayin Gwaggo Saimi

A ƙauyukanmu na gabashin Finland, can kusa da iyaka, idan ka shiga gida aka ce ka matso ka sha gahawa, ba ka motsawa. Sai ka ce yanzu ka sha a gida, ko da rabonka da abinci tun jiya. A sake yi maka tayi, ka ce don Allah kada a wahalar da kai saboda kai. Sai a na uku za ka miƙe kamar ana janka da igiya, ka ce, "To, rabin kofi dai." Daga nan kuma sai abin da cikinka ya iya ɗauka. Wanda ya zauna tun a tayin farko, har jikokinsa sai sun ji labari.

Babu wanda ya kai Aulis Tanskanen iya wannan rawar, don ya shekara ashirin da biyu yana taka ta sau bakwai kowace rana. Shi ne mai raba wasiƙu. Yana da 'yar motar gidan waya ruwan ɗorawa da hanya mai kilomita sittin cikin daji, gidaje arba'in da ɗaya, kuma bakwai daga cikinsu ba a wuce su a tsaye. A kowanne akwai gahawa da kirim na madara mai kauri, akwai burodi mai zaƙi, akwai piirakka, wato ɓawon garin hatsi da aka cika da faten shinkafa aka gasa, aka lafta masa man shanu kwaɓe da ƙwai har sai haƙori ya bar shaida a ciki. Aulis yana son aikinsa fiye da yadda ya kamata mutum ya so aiki. Ya san sunan kowane kare, ya san wadda ɗanta ya tafi Sweden ya daina rubutu, ya san gidan da ake son a karanta musu jarida da ƙarfi.

Wata rana cikin watan Agusta, yana canza taya a bakin tafki, sai ya ji kamar saniya ta zauna masa a ƙirji. Ya jingina da motar har abin ya sake shi, ya ƙarasa rabon wasiƙunsa, ya koma gida bai gaya wa kowa ba. Matarsa Hilkka ce ta ga launin fuskarsa, washegari ta tasa shi gaba zuwa asibitin gari.

Likitan yaro ne sabon zuwa, gemunsa ma bai gama yanke shawarar fitowa ba. Ya auna, ya ɗebi jini, ya yi tambayoyi.

"Mahaifinka yana raye?"

"Ya rasu yana da arba'in da bakwai. A gona ya faɗi."

"'Yan'uwa maza fa?"

"Biyu. Duk sun rasu."

"Me ya kashe su?"

"Kwana ne ya ƙare," in ji Aulis.

"Me suke ci?"

Aulis ya dube shi da tausayi. "Abinci mana."

Likitan bai yi dariya ba. Ya ce jinin Aulis ya hau, kuma kitse ya yi masa yawa a jini, hanyoyin zuciyarsa sun fara tsukewa. Ya ba shi magani, ya lissafa masa abin da zai bari: man shanu, kirim, soyayyen kitse, kifi mai gishiri. Sannan ya faɗi maganar da ta fi ciwon ƙirjin zafi.

"Na ba ka wata uku. Ka dawo Juma'ar ƙarshe ta Nuwamba. Idan abin bai sauka ba, zan rubuta cewa kada a ƙara ba ka mota. Ba zan bar mutum ya faɗi a kan sitiyari a tsakiyar daji ba."

Aulis ya san inda ake kai wanda aka karɓe wa mota. Akwai wani ɗaki a ƙasan gidan waya na gari, ba taga, inda ake zama ana jefa wasiƙu cikin ramuka daga safe zuwa yamma. Ya taɓa yin sati ɗaya a can yana saurayi, har yanzu bai yafe wa ɗakin ba.

A gida abin bai yi wuya ba. Hilkka mace ce da idan ta sa kanta abu sai ta ga bayansa. Ta kwashe man shanu ta kai wa maƙwabta, ta koma dafa kifi da dankali da kabeji, ita ma tana ci tare da shi tana yamutsa fuska. Sharaɗi ɗaya kawai Aulis ya kafa mata: kada kowa ya ji. Namiji a wajenmu ba ya faɗin ciwo. Yakan iya faɗin cewa injin nomansa na tari, amma shi kansa lafiya lau yake har ranar da za a ɗauke shi.

"To, Baban Ritva, gidajen nan bakwai fa?" in ji Hilkka.

"Sai in ce ba na ci. Abin wuya ne?"

Hilkka ta yi masa wani irin kallo, ta ci gaba da fere dankalinta.

Ranar Litinin ya gane ma'anar kallon. A gidan farko ya ce ya ƙoshi, uwargidan ta yi murmushi ta ɗauko kofi. Ya ce da gaske yake, ta zuba gahawa. Ya ce cikinsa ne ba daɗi, ta ce haka marigayi surukinta yake cewa kullum, Allah sarki, ta tura masa faranti. Duk kalmar da ya laluɓo don ya ƙi, sai ya tarar an riga an yi shekara ɗari ana amfani da ita wajen karɓa. Mutanenmu sun ƙware wajen cewa a'a har ba su bar wa mai a'a ta gaskiya ko kalma ɗaya ba.

Gida na bakwai shi ne na Gwaggo Saimi, a ƙarshen hanya, kan tudu. Shekararta saba'in da takwas, gajeriya ce mai faɗi, kuma piirakkarta babu irinta a gundumar, ita ma ta san haka. A nan Aulis ya tattara ƙarfinsa ya ƙi har sau biyar. Tsohuwar ta dafa ƙirji don jin daɗi.

"Kai, uwarka ta yi tarbiyya! Yaran yanzu kafin ka rufe baki sun kai loma. Zauna, ɗan nan, na ƙara maka biyu don ladabinka."

Ya ci huɗu. Yana ci yana jin daɗi, yana jin haushin jin daɗin.

Sai ya fito da dabara. Da zarar uwargida ta juya wajen murhu, sai ya zura abin da ke farantin cikin aljihun rigar aiki. Kwana biyu abin ya tafi daidai. A na uku karnukan hanyar suka gano. Kare ya riƙa raka motar daga gidansu har gida na gaba, ya miƙa ta ga ɗan'uwansa, kamar masu gadin sarki. Wata takardar hukuma ta isa hannun mai ita ta jiƙe da mai har ana hango rubutun ciki ba a buɗe ba. Mafi muni, Gwaggo Saimi ta ga faranti yana ƙarewa cikin ƙiftawar ido, ta ce ashe yunwa ake bar wa yaron nan a gida, ta ninka masa. Ranar Asabar Hilkka ta ɗaga rigar da yatsa biyu, ta kai ta hanci.

"Wannan wanke ta zan yi, ko soya ta?"

Daga nan ya koma gudu. Ya iso bakin gida, ya jefa wasiƙa a akwati, ya danna ham, ya ba motar wuta. Sati guda yana haka. Cikinsa ya samu sauƙi, amma ransa ya ɓaci, domin wannan da ɗakin nan mara taga duk ɗaya ne, bambancin kawai wannan yana da taya. Magana kuwa ta zaga. Wasu suka ce an yi masa ƙarin girma ne ya fara hura hanci. Wasu suka ce Hilkka ce ta hana shi cin abincin wasu mata, bayan shekara ashirin da biyar da aure.

Ranar Talata ana yayyafi, ya hawo tudun ƙarshe, sai ya hango wani abu baƙi a kan dandamalin katako da ake ajiye garewanin madara a bakin hanya. Gwaggo Saimi ce zaune, da lema, da sanda a kan cinya. Babu hanyar wucewa sai ta gabanta.

"Kashe motar," ta ce.

Ya kashe.

"Gashi ka tsinta a abincina?"

"Haba Gwaggo."

"To ƙuda? Ko wata ce ta fi ni iya gashi? Faɗa min sunanta, ba abin da zan yi mata."

"Wallahi ba haka ba ne."

"Tun kana rarrafe nake ba ka abinci. Sati guda ina ɗora gahawa ina saukewa, ina shan abata ni da kyanwa. Wuce mu je ciki, ba zan yi wannan maganar a titi ba."

A ɗakin girki ta ajiye masa faranti kamar kullum, man yana narkewa yana gangarowa. Aulis ya zauna yana juya hularsa. A bangon da ke gabansa akwai hotuna uku cikin baƙin katako: mijinta Toivo, da 'ya'yanta biyu manya. Shi ya kawo mata katunan ta'aziyyar dukansu, jaka guda kowane lokaci. Ya dubi hotunan, ya dubi farantin, sai ya ji maganar ta fito da kanta, a karkace, kamar ana ciro ƙusa. Ya faɗi labarin canjin taya da saniyar da ta zauna masa a ƙirji. Ya faɗi likita da wata uku da ɗakin da ba taga. Ya faɗi abin da aka ce man shanu da gishiri suna yi wa hanyoyin jini.

Gwaggo Saimi ba ta katse shi ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Da ya gama, ita ma hotunan take kallo.

"Toivo hamsin da shida," ta ce a hankali. "Pentti arba'in da ɗaya. Olavi bai ma kai ba. Duk daga hannun nan suka ci."

"Gwaggo, ba haka nake nufi ba."

"Lokacin yaƙi ɓawon itace muka riƙa niƙawa muna haɗawa da gari. Olavi yana kuka, ba ni da abin shafa masa a burodi. Ranar da muka sake samun saniya na yi rantsuwa babu wanda zai ƙara cin busasshen burodi a gidana." Ta share ido da gefen gyale. "Na cika rantsuwata kuwa."

"Abin da ya fi kyau a gidan kika ba su," in ji Aulis. "Wa ya sani a lokacin? Ni ma da likitan bai faɗa ba, da haka zan tafi ina cewa kwana ne."

Ta miƙe, ta ɗauke farantin daga gabansa, ta juya masa baya. Ya sa hularsa. Ya fita yana jin ya yi abin da ya fi gudun muni: ya zo har gida ya karya zuciyar tsohuwa don ya tsira da motarsa.

Washegari ya hawo tudun da niyyar ajiye jarida ya wuce. Tun daga nesa ya ga ƙofa a buɗe, hayaƙi na tashi, tsohuwar na tsaye a dokin ƙofa riƙe da ludayi.

"Ka tsaya kallona? Shigo, yana hucewa!"

A kan teburin akwai kwanon faten hatsi da aka dama da puolukka, jajayen 'ya'yan dajin nan masu tsami da ke zuba ko'ina a kaka, ga ƙananan kifin tafki an gasa su da albasa, ga burodi baƙi ba a shafa masa komai ba.

"Da asuba na shiga dajin bayan gida na tsinko," ta ce. "Gwiwata tana zagina har yanzu. Abincin talauci ne, shi muka ci muka rayu lokacin da babu. Ashe mu muna neman tsira daga shi, shi ne yake riƙe da mu. Matso ka ci."

Aulis ya so ya zauna nan take, amma tarbiyya tarbiyya ce. Ya ce yanzu ya ci a gida. Ta ce ƙarya yake. Ya ce kada ta wahalar da kanta. Ta ɗaga ludayin. Ya ce to, rabin kwano dai, ya cinye kwano biyu, tsamin yana sa shi runtse ido.

Abin da bai sani ba shi ne, tun jiya da yamma Gwaggo Saimi ta zauna a gaban tarho ta kira sauran gidaje shida ɗaya bayan ɗaya. Sirrin da ya ɓoye kusan sati uku ya zaga kilomita sittin kafin a tatsi shanun yamma. Ya so ya ji haushi, bai samu lokaci ba, domin duk ƙarfin da matan nan suke sawa wajen ɗura masa man shanu, yanzu sun juya shi wajen ceton ransa, kuma gasa ta tashi. Wannan ta yi miyar kifi ba kirim. Waccan ta gasa tushen kabeji da karas. Wata ta gwada burodi mai zaƙi ba mai ba ƙwai, ya fito kamar tubali, Aulis ya yaba da gaskiya, ya ce zai yi amfani wajen tare taya idan motar ta tsaya a gangare. Mai kanti ya ƙi sayar masa da tsiren hanji, ya ce an yi masa kashedi daga kan tudu. Gwaggo Saimi kuma ta kafa doka cewa ya riƙa barin motar a gindin tudun yana hawowa da ƙafa, tana tsaye a taga tana duba agogo.

Waɗanda suka sha wuya su ne mazan gidajen, don babu macen da za ta ɗora tukunya biyu. Babban mai ƙorafi shi ne Kauko, autan Gwaggo Saimi, wanda shi kaɗai ya rage mata. Ƙato ne mai shekara arba'in da uku, mai jan wuya, da shanu goma sha biyu da yake ji da su.

"Ga annoba nan ta iso," yakan ce idan ya hango Aulis yana haki a kan tudu. "Kai ne da ciwo, ni ne da shan magani. Jiya ganye aka ba ni, ganye! Na shiga garke, shanu suna kallona kamar na ci musu rabo."

"Ai ka fi kyau haka. Har wuya ya fara fito maka."

"Wuyan me? In kowa ya bar cin man shanu, shanuna fa? Wasiƙa za su koma rabawa?"

"Ranar Lahadi ina ba ka," in ji uwar daga ciki. "Cokali guda. Kuma na san inda kake ɓoye wanda kake sata."

Haka Satumba ta wuce, Oktoba ta bi ta. Ba kullum abin yake daɗi ba. Akwai ranakun da Aulis zai wuce gidan da ake soya kitse ya ji kamar ya yi kuka. Sau ɗaya ya karya doka, a wajen wani biki, ya ci piirakka uku a bayan ƙofa, kuma labarin ya riga shi isa gida. Amma a hankali harshensa ya daina neman gishiri, ya fara jin ɗanɗanon kifin kansa. Ya huda sabon rami a ɗamararsa da ƙusa, bayan sati uku ya huda wani. Ranar da dusar ƙanƙara ta farko ta sauka ya hau tudun yana fito, sai da ya kai sama ya tuna da can a tsakiya yake tsayawa ya huta.

Juma'ar ƙarshe ta Nuwamba ya ɗauki jakar wasiƙu tun da safe, ya biya asibiti shi da Hilkka, da niyyar in an karɓe motar ya yi zagayen ƙarshe ya yi sallama. Yana buɗe ƙofar ɗakin jira ya ja da baya. Gidaje bakwai ne zaune a kan bencuna, mata da kayan zuwa coci, wasu sun jawo mazansu. Motar haya ta safe suka biyo. Gwaggo Saimi tana tsakiya da sandarta, Kauko na gefenta yana kallon silin kamar ba da shi aka zo ba.

"Me kuke yi a nan?" in ji Aulis.

"Wucewa muka zo yi," in ji tsohuwar. "Shiga, kada ka bar yaro yana jira."

Likitan ya ɗaura masa abin awo, ya matsa, ya saurara. Ya sake matsawa. Ya buɗe takardar jinin da aka ɗiba ranar Litinin, ya daɗe yana kallo, har Aulis ya fara jin warin ɗakin nan na ƙasa a hancinsa.

"Ba ka warke ba," in ji likitan. "Magani za ka ci gaba da sha, kuma man shanu kun rabu ke nan, sai dai gaisuwa. Amma ya sauka fiye da yadda na zata. Riƙe makullinka, ka dawo min da bazara." Ya leƙa ta gilashin ƙofa. "Waɗancan duk danginka ne?"

"Masu dafa min abinci ne."

Da ya fito, kowa ya zuba masa ido. Aulis ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Ba laifi," ya ce.

"An bar masa motar!" in ji Hilkka, don ta san in an biye masa sai a kwana ba a ji ba.

Ɗakin ya kaure. Matan da ba a taɓa jin muryarsu a waje ba suka riƙa tafi, kowacce tana cewa miyarta ce ta yi aiki. Mai tubali ma ta ce a tuna da nata. Aulis ya ji daɗin da bai san inda zai sa shi ba, sai ya buɗe jaka ya fara raba wasiƙu a nan cikin asibiti, yana kiran suna ɗaya ɗaya, tun da yau ba sa gida.

Ana cikin haka Gwaggo Saimi ta dafa sanda ta miƙe, ta tsaya a gaban Kauko. Tsayinta bai wuce aljihun rigarsa ba.

"Saura kai."

"Ni? Inna, ni rakiya na yi. Lafiyata ƙalau, jiya ni kaɗai na ɗaga..."

"Toivo ma ya ɗaga. Kauko, uku na binne. Kai kaɗai ka rage min, kuma ina so kai ka binne ni. Shiga."

Kauko ya dubi mutane, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wuyansa ya ƙara ja. Ya cire hula, ya miƙa wa Aulis kamar zai shiga ruwa, ya ce, "Duk kai ka jawo," sannan ya sunkuya ya shiga.

Aulis ya zauna kusa da tsohuwar. Hanya tana jiransa, amma bai yi sauri ba. Ta kama hannun rigarsa ta riƙe gam. Can sai muryar Kauko ta fara ratso ƙofa, yana gaya wa likita cewa shanunsa ciyawar kirki suke ci, man da suke bayarwa ba irin na kanti ba ne, likitan yana ba shi amsa, shi yana ƙara ɗaga murya.

"In je in ce ya sassauta?" in ji Aulis.

Gwaggo Saimi tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Bar shi ya yi ta musu," ta ce. "Ubansa bai samu wanda zai yi musun da shi ba."